Shin jan ƙarfe zai mai da hayaƙin Jubail roba?

Yaya na Riyad: Jama'a, ina nan a kan bakana. Tunda Saudiyya ta yi alkawari a 2021 cewa zuwa 2060 abin da take fitarwa na hayaƙi ba zai wuce abin da take kamawa ba, hanyar ita ce wannan: a kama iskar CO2 da ke cikin hayaƙin, a ba ta wutar sola a kan jan ƙarfe, ta koma etilin, sinadarin da ake haɗa roba da shi, a yi roba. An daina fasa gas don samun etilin ke nan. Rana kuwa Allah ya hore mana.

Kawu na Jubail: Ɗana, a hankali. Kama iskar ba sabon abu ba ne a nan Jubail, birnin masana'antu. Tun 2015 kamfanin United na SABIC, babban kamfanin sinadarai na Saudiyya, yake da injin da zai iya tace tan 500,000 a shekara, ana kai ta wajen yin takin yuriya da metanol. Amma da zafi da matsi ake wannan, babu ruwansa da batun lantarkin da kake yi.

Hajiya ta Makka: Ku tsaya. Me ya kawo jan ƙarfe cikin zancen? Wanda ake wayar lantarki da shi?

Ɗalibin kimiyya: Shi fa, Hajiya. CO2 iska ce mai taurin kai, ko an ba ta wuta ba ta sauyawa da sauƙi sai ta samu fuskar ƙarfen da za ta manne a kai, wato katalis. Kuma kowane ƙarfe da abin da yake haifarwa. Azurfa da zinariya kabon monoksaid suke bayarwa. Kuza da dalma, asid ɗin fomik. A cikin tsantsar ƙarafa jan ƙarfe ne kaɗai ke iya haɗa kabon biyu su zama etilin ko etanol da ɗan yawa. Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan ne ya nuna haka tun wajen 1985.

Yaya na Riyad: To ka gani! Ƙanena ya goya mini baya.

Ɗalibin kimiyya: Ban goya ba, Yaya. Shekara arba'in ke nan fa, har yau babu babbar masana'antar etilin da ke tafiya a kan wannan hanya. Jan ƙarfe ba ya jin magana. Ka nemi etilin, ya haɗo maka da metan da etanol da sauransu, wani kaso na wutar kuma ya tafi wajen fasa ruwa, haidurojin ya fito. Sannan ga gishiri. Idan ruwan cikin na'urar mai kaifin alkali ne, CO2 kan haɗu da shi ta daskare. In ka kwance na'urar bayan ta yi aiki, za ka tarar da fari-fari kamar kanwa ya toshe ƙananan hanyoyin da iskar ke bi, takardar kabon da jan ƙarfen ke kanta kuma ta jiƙe sharkaf. Sai wanki, a sake ɗaurawa.

Malam na Madina: Amma na ji an ce 'yan Jami'ar Toronto sun sa kashi 70 cikin ɗari na wutar ya tafi wajen yin etilin a 2018.

Ɗalibin kimiyya: Haka ne, Malam, a ƙaramar na'urar gwaji, kuma cikin irin ruwan nan mai cinye CO2.

Kawu na Jubail: Mu a masana'anta shekaru muke so inji ya yi bai tsaya ba. Ku ba ni lissafin wuta.

Ɗalibin kimiyya: Etilin ɗaya ilektoron 12 yake ci. A kan bolt 3.5, ko da ba a yi asarar ko ɗaya ba, tan guda zai lashe kusan kilowat-awa 40,000.

Yaya na Riyad: Wutar solar Shu'aiba da ke kudu da Jidda santi 1.04 kowane kilowat-awa aka yi cinikinta a 2021. Dala 400 da 'yan kai ke nan. Ina tsadar?

Kawu na Jubail: Da dare fa? Na'urar ta kwanta, bashin banki yana tafiya? Ba ka sa kuɗin kama iskar ba, ba ka sa na raba etilin da tarkacen da ya biyo shi ba. Kuma da etan ɗin Aramco mai araha, gas ɗin da ake fasawa a samu etilin, za ka yi gogayya.

Hajiya ta Makka: Wato dai babu amfani?

Ɗalibin kimiyya: Akwai, sai dai ba ta ƙofar da Yaya ya shigo ba. Kabon monoksaid nauyinsa ɗaya da etilin, amma ilektoron 2 kacal yake buƙata, kuma azurfa kan ba da shi sama da kashi 90 ba tare da hayaniya ba. A haɗa shi da haidurojin, a miƙa wa injinan metanol da su Kawu suka riga suka iya. Ni nan zan sa kuɗina.

Yaya na Riyad: Sola ma haka aka raina ta.

Malam na Madina: Ko an dace, duniya na fitar da sama da tan biliyan 35 na CO2 a shekara. Duk robar duniya ba ta shanye wannan.

Kawu na Jubail: Ɗana, ranar da jan ƙarfenka ya yi shekara guda ba a kwance shi ba, kira ni. Yanzu dai motar aiki ta iso.