"Aure yaƙin mata": ya dace a bakin mai bi?

Maman Rahila:
Salama gare ku 'yan'uwa. Daren da za a kai wata amarya ɗakinta, gwaggonta ta riƙe mata hannu tana cewa, "Ki daure, aure yaƙin mata ne." Mu 'yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, muna zaune, ba wadda ta ce uffan. Maganar ta tsaya mini a rai. Me take nufi, kuma ya dace mu masu bin Almasihu mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu ita?

Baba Dattijo:
'Yata, kada ki ji yaƙi ki ɗauka dambe da miji ake nufi. A da, a fagen fama ake gane jarumin namiji. Sai aka ce ita mace a gidan aure ake gane tata jarumtar: surfe, daka, ɗibar ruwa, goyo, ga zama da dangin miji. Har haihuwa ma ana kiranta yaƙin mata. Yabo ne. Kuma bai saɓa wa Afisawa 5:22-23 a Littafi Mai Tsarki ba, inda Manzo Bulus ya ce mata su yi biyayya ga mazansu, gama miji shi ne kan mace.

'Yar Zumunta:
Baba, da girmanka, na yarda asalinta yabo ne. Amma yaushe ake fito da ita yau? Sai mace ta zo gida da kumburarren ido, goyo a baya, kayanta a ƙunshe cikin zane. A ba ta ruwa, a ce ta koma, aure yaƙin mata. Shi kuwa mijin ba mai kiransa. Na ga wannan da idona a unguwarmu, kuma dukansu biyu 'yan ikilisiya ne. In yaƙi ne, da wa take yi?

Malam Ishaya:
Mu buɗe Afisawa 5 ɗin tare. Kafin aya ta 22 akwai ta 21, wadda ta ce mu yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Ayoyi uku ne a kan mata, 22 zuwa 24. Daga 25 zuwa 33 kuwa kusan duka maza ake yi wa magana, kuma abin da aka ɗora musu ba wasa ba ne: miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. To, in akwai wanda aka tura bakin daga a gidan aure, ai mijin ne. Abin da ke damuna, a bukukuwa da yawa ana jan aya ta 22 da ƙarfi har maza su yi tafi, ta 25 kuma a bi ta kanta da gudu. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ƙuntata wa matarsa. 1 Bitrus 3:7 ma ta gargaɗe shi cewa rashin girmama ta na iya toshe addu'arsa.

Sabon Ango:
Malam, na ji. Amma shugabancin yana nan, ko? In mun saɓa a kan kuɗin makarantar yara ko ƙaura, dole a samu mai yanke magana.

Maman Rahila:
Ɗana, yana nan, ba wanda ya goge shi. Amma duba 1 Sama'ila 25. Nabal ya ci mutuncin manzannin Dawuda, matarsa Abigel ta ɗora abinci a kan jakuna ta tari Dawuda a hanya ba tare da ta faɗa wa mijinta ba, da haka gidan ya tsira. Matar da ke Karin Magana 31 kuma gona take saya, tana ɗinki tana sayarwa, mijinta ya amince da ita. Irin wannan matar ba a yanke magana a bayan idonta.

Baba Dattijo:
Ni dai ba zan yar da maganar kakanni ba, don akwai 'yan mata da ke shiga aure suna zaton kullum biki ne. Amma 'Yar Zumunta, abin da kika faɗa ya taɓa ni. A ina aka ce a mayar da mace wurin duka? A ikilisiyarku, wa ke zaunar da ango ya yi masa faɗa kafin ɗaurin aure, Fasto kaɗai ko har da dattawa?