Ɗaurin kwalekwale: shawarar masunta da 'yan fito

Da aka tattauna a bakin kogin Haɗeja, wajen Ringim, yawancin masunta sun ƙi ɗaurin zarge. Iska na jan kwalekwale sai zargen ya ƙara shaƙe turke, da asuba mutum na kwancewa da haƙori.

Dattawa suka ce a naɗa igiya sau biyu a jikin turke, sannan a ƙulla ta sau biyu a jikinta. Naɗin ke ɗaukar nauyi, ƙullin kuma ko ya jiƙe yana kwantuwa. Igiyar leda santsi gare ta, a bar bakinta da tsawo.

Shawarar da na fi riƙewa ta damina ce: in an sako ruwan madatsar Tiga, a yi ɗaurin talala, kada kogi ya cika gajeriyar igiya ta danne goshin jirgi ya sha ruwa.