Dabarun hana mai ɗaukewar numfashi kwanciya rigingine

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan maigidana. An yi masa gwajin barci, likita ya ce yana da ɗaukewar numfashi a cikin barci, kuma abin ya fi tsanani in ya kwanta rigingine. Da idona nake gani: minshari ya yi ƙarfi, sai ya yi tsit, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura yana haki. In ya kwanta ta gefe, lafiya lau. Amma da barci ya yi nauyi sai ya mirgina. Rabona da barci mai daɗi har na manta, saboda kullum ina zaune ina gadin numfashinsa.

Tela a Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, ki samu tsohuwar riga mai ɗan kama jiki, a ɗinka mata aljihu a baya, daidai tsakanin kafaɗu, a sa ƙwallon tanis a ciki. Duk sanda ya yi niyyar mirginawa, ƙwallon zai tokare shi ya koma gefe. Ni nawa goruba nake sawa, na naɗe ta a cikin safa don kada ta ji mini ciwo. Sharaɗin dai rigar ta kama jiki. In mai faɗi ce, aljihun zai zame ya koma haƙarƙari, aikin ya zama banza.

Direban babbar mota: Na gwada ƙwallon, bai yi mini ba. Ni mai jiki ne, katifata kuma mai laushi, sai ƙwallon ya nutse, in wayi gari a kansa da ciwon baya. Jakar goyon littattafai ta yara ce ta cece ni. Na cusa tawul biyu da ƙaramin filo, na goya, na ɗaure igiyar a ƙirji. Da ita ba hanyar kwanciya rigingine sam. Wahalarta ɗaya, zafi. A watan Afrilu sai ka tashi sharkaf da zufa.

Goggo: To ai mu mata mun daɗe da sanin wannan. Ki naɗe zani biyu kamar gammo amma dogo, ki ɗora masa a baya, ki ɗaure da majanyi kamar goyo. Ya fi jaka shan iska. Sannan ki ba shi dogon filo ya runguma, ya ɗora gwiwa a kai, ki jingina wani a bayansa. Kwanciya a kan gefen dama ma sunna ce, ga lada ga magani.

Baban Abba: Ni na ji an ce beli ne ke kawo minshari. Me zai hana a kai shi wajen wanzami a cire?

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah Baban Abba, kada a yi haka. Cire beli a gida na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma ba shi ne tushen matsalar ba. Abin da ke faruwa shi ne, in barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yana saki. In mutum yana rigingine, sai harshe da ganɗa su faɗa baya su toshe hanyar iska. Tsayawar numfashi ko raguwarsa sosai na daƙiƙa 10 ko fiye su ake ƙirgawa a gwajin. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Maman 'yan biyu, ki duba takardar ki ga adadinsa. Dabarun nan suna amfani ga wanda numfashinsa ke daidaita in ya koma gefe. Idan likita ya rubuta masa na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci, goruba ba ta maye gurbinta. Barin ciwon nan haka yana tayar da hawan jini, yana gajiyar da zuciya. Malam direba, kai na fi ji wa tsoro. In har yanzu kana gyangyaɗi da rana, ka koma asibiti kafin ka sake kama hanya.

Direban babbar mota: Na gode, Anti. Gyangyaɗin ya ragu sosai, amma zan koma insha Allahu.

Malamin firamare: Ni bulo na sa a ƙarƙashin ƙafafun gado biyu na wajen kai, gadon ya ɗan tashi. Minsharin ya ragu, ƙwannafin da ke tashina ma ya lafa.

Ma'aikaciyar jinya: Wannan ya yi, domin jiki ne gaba ɗaya ya ɗagu. Abin da ba na so shi ne tara filo uku a ƙarƙashin kai kawai, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar ta ƙara matsewa. A kuma guji maganin barci ba da izinin likita ba, yana ƙara sakin naman wuya. Mutane da yawa suna watsar da ƙwallon bayan 'yan makonni saboda takura, shi ya sa nake cewa a zaɓi wanda mutum zai iya jurewa. Maman 'yan biyu, ki ajiye waya kusa da maigidanki, ki naɗi sautin dare biyu ko uku, ki kai wa likita ya ji bambancin.

Maman 'yan biyu: Na duba, 13 aka rubuta. Allah ya saka muku da alheri. Yau zan fara da majanyin Goggo tun da akwai shi a gida. Malam tela, aljihu ɗaya za a yi ko biyu?

Tela a Fagge: Ki ce a yi guda ɗaya dogo, a tsaye, daga tsakanin kafaɗu zuwa tsakiyar baya, mai cin ƙwallo uku a jere. A sa masa zif, don a riƙa cire su in za a wanke rigar.