Neman shawara: yaya zan kwafi faifan bidiyon gidanmu in raba wa dangi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min. Akwai wani faifan DVD a hannuna, bidiyon taron iyalinmu ne na shekarun baya, kuma shi kaɗai muke da shi da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yake magana a ciki. Kowa sai ya ce a ba shi aro, ni kuwa gabana faɗuwa yake duk sanda faifan ya bar ɗakina, don har ya soma karcewa ta baki-baki. So nake in yi kwafi in raba wa yayyena da ƙannen Baba da wasu aminansa.

Na saka shi a laftof, na ga folda mai suna VIDEO_TS, na kwashe abin da ke ciki na zuba a sabon faifai. A kwamfuta yana yi, amma na'urar DVD ta falo ta ƙi karɓa. Ina hanyar take? Wane faifai zan saya, tunda na ga wani DVD-R wani DVD+R? Sannan babban yayanmu yana Kanada, ko zai yi masa a can?

Wani mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata namu zuwan. Hajiya, tun kafin a je ko'ina, aron nan ya tsaya daga yau. Sau ɗaya tak kike bukatar faifan asali ya sake shiga kwamfuta, daga nan sai ajiya.

Dalilin da na'urar falo ta ƙi shi: ita ba ta da wayon kwamfuta. Kwamfuta duk inda ta tsinci fayil za ta buɗe, ita kuwa sai an jera mata komai yadda ta saba. Idan kika duba cikin foldar za ki ga fayil iri uku. Masu VOB su ne hoton da sautin, an yanka su gunduwa-gunduwa, kowanne bai wuce gigabayit 1 ba. Masu IFO su ke gaya wa na'ura inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare. Masu BUP kuwa madadin IFO ne, ko da sun lalace. Dole foldar kanta ta zauna a farkon faifai da sunanta, kuma a rubuta faifan da tsarin da na'urorin bidiyo suka sani, wato UDF 1.02. Ke kuwa faifan ajiyar fayil Windows ya yi miki.

Abin yi shi ne ki ɗauke faifan gaba ɗayansa ya zama fayil guda, wanda ake kira ISO. Akwai manhaja ta kyauta, ImgBurn. Tsohuwa ce, tun 2013 ba a sabunta ta ba, amma wannan aikin ta iya shi. Wajen girka ta ki riƙa karanta abin da ke fitowa, kada ki amince da wani ƙarin tarkace. Ki saka faifan Baba, ki zaɓi ɗaukar ISO daga faifai. In ta gama, ki cire shi ki mayar gidansa. Duk kwafin da za ki buga daga ISO ɗin nan zai fito, kuma na goma ba zai gaza na farko da komai ba, ba kamar kaset ba da kowane kwafi yake ƙara dusashewa.

Wajen bugawa ki rage gudu. Ko an rubuta 16x a jikin faifan, ki sa 4x ko 8x. Ki kuma danna Verify don ta gwada abin da ta rubuta da na ainihi. Ki buga guda ɗaya tukuna, ki kalla a falo har ƙarshe, sannan ki ci gaba.

Wani matashi:
Anti, wa yake kallon faifai yanzu? Sababbin laftof ma ba su zuwa da wurin saka shi. Ki mayar da shi MP4, irin bidiyon da waya ke buɗewa, da manhajar HandBrake, ki tura wa kowa a waya, an wuce wurin.

Mai tambaya:
Ƙanina, ai ƙannen Baba dattawa ne. Na'urarsu suka sani, su saka faifai su danna. In na tura musu a waya sai sun jira jika ya zo ya buɗe musu.

Wani mai ɗaukar bidiyo:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, a yi duka. Amma ISO ne farko, don HandBrake matse bidiyo take yi, abin da ta zubar ba ya dawowa. ISO shi ne uwa, MP4 na yawo ne.

Maganar faifai, Hajiya, ki sayi DVD-R. Ya riga DVD+R fitowa, shi tun 1997, wancan sai 2002, shi ya sa tsofaffin na'urori suka fi saninsa. Sababbi ba ruwansu, duka suna ci. Ki guji masu RW, na gogewa ne a sake rubutu, wani yaro zai iya share shi. Kada kuma a haɗa ki da CD, shi megabayit 700 kawai yake ɗauka.

Ki fara duba nauyin ISO ɗin kafin ki sayi komai. Faifai na yau da kullum an rubuta masa 4.7 GB, amma a lissafin kwamfuta wajen 4.38 ne. In naki ya haura haka, to asalin mai hawa biyu ne, sai ki nemi mai 8.5 GB, za ki ga DL a jikinsa. Da wuya dai bidiyon gida ya kai nan.

Na yayanku kuma, ba lambar yanki ce matsalar ba, wato kullen da ke hana faifan wani yankin duniya yin aiki a wani, don faifan gida ba a sa masa wannan kullen, na kamfanonin fim ne. Matsalar tsarin hoto ce. Amurka da Kanada da Japan NTSC suke amfani da shi, Turai da ƙasashe da dama PAL. Ki buɗe bidiyon a manhajar kallon bidiyo ta VLC ki duba girman hoton: 720 da 576 PAL ne, 720 da 480 NTSC ne. In PAL ne, na'urori da talabijin da yawa a can ba za su nuna shi ba. Kwamfuta kuwa ba ta bambantawa. Ni dai shi MP4 zan ba shi in huta da kuɗin aike.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na gwada ɗaukar ISO ɗin, ya yi ta tafiya lafiya, da ya kusa gamawa sai ya cije, laftof ɗin tana ta gurnani. Na tsayar da shi don tsoro.

Mai gyaran kwamfuta:
Kin kyauta da kika tsayar. Karcen nan ne da kika ce yana baki-baki. Faifai daga tsakiya ake fara karanta shi a nufi waje, saboda haka lahanin gefe ƙarshen bidiyo yake taɓawa.

Ki ɗaga shi wajen haske ki duba sosai. Sau da yawa rabin abin shatin yatsa ne da maiƙo. Ki samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ki ɗan jiƙa da ruwa, ki goga daga ramin tsakiya zuwa baki, miƙe. Kada ki bi zagayen faifan, don karcen da ya bi layin rubutu shi ne mai kisa, wanda ya gitta kuwa na'ura takan iya cike gurbinsa. Za a zo a ce miki ki sa man goge baki. A faifan da ba shi da na biyu, a'a.

In ya sake cijewa, ki gwada wata kwamfutar ko na'urar faifai ta waje mai USB. Ba ƙarfinsu ɗaya ba, wanda wata ta kasa sai ki ga wata ta wuce shi sumul. In duk sun gaza, akwai manhajar ddrescue a kwamfuta mai Linux: tana kwashe lafiyayyen wuri tukuna, ta dawo tana lallaɓa mai ciwon, tana kuma riƙe lissafin inda ta tsaya. Wannan kam ki nemi wanda ya iya, ki zauna a yi a gabanki. Ko an rasa wani abu, bai fi 'yan daƙiƙoƙi da hoto zai ɗan farfashe ba in karcen ƙarami ne.

Wata 'yar'uwa:
Allah Ya gafarta wa Baba. Ni nawa ba na fasaha ba ne. Kafin ki tura a waya, ki tambayi waɗanda suke cikin bidiyon. Faifai yana zama a gidan da kika kai shi, amma abin da ya shiga waya ba ki san inda zai kwana ba, kuma akwai wadda ba za ta so a ga yadda ta saki jiki a cikin 'yan'uwanta ba. In kuma haya aka yi na mai ɗauka, ki tuntuɓe shi, wataƙila ma yana da asalin ɗaukar a ajiye, wanda ya fi na faifan kyau.

Wani dattijo:
'Yata, kada ki liƙa wa faya-fayan takarda don ado. Tana sa faifai ya karkace in yana juyawa, in ta ɗago kuma ta maƙale a cikin na'ura. Ki rubuta da maka mai taushin baki, ki sa shekarar taron. Kowanne da gidansa na roba, a jingine shi tsaye, nesa da rana da zafi, domin faifan da aka buga a gida rini ne a cikinsa, yana kuwa kodewa.

Mai tambaya:
To Baba, na ji. Alhamdu lillahi, bayan gogewa da canjin kwamfuta ya kai ƙarshe, kwafin farko kuma ya yi a falo. Sai dai ISO ɗin ya ƙi shiga filashina, wai ya yi girma, alhali akwai wuri.

Matashin nan:
Filashin mai tsarin ajiya na FAT32 ne, Anti, ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Ki kwashe kayan ciki tukuna, don komai zai goge, sannan ki yi masa fomat ki mayar da shi tsarin exFAT. Ki yi filashi biyu, ɗaya ya zauna a wani gidan ba naki ba. MP4 ɗin yayanki kuma in WhatsApp za ki bi, ki tura shi a matsayin dokumen, har gigabayit 2 yana ɗauka, kuma ba zai matse shi ba.