In biya lesin ɗin IELTS ko in zauna gida? Passive ta hana ni sakat

Maman_Ilham:
Slm jama'a. Ni nas ce a Kano, ina so in zana jarabawar Turanci ta IELTS Academic bayan sallah saboda rajistar aikin jinya a Ingila, kun san NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a can, suna neman maki 7 a listening da reading da speaking, writing kuma 6.5. To writing ɗin ne ciwon kaina, musamman passive, wato jimlar da ke cewa an yi wa wani abu, da ƴar kalmar nan da ke biyo bayanta, preposition, in na rubuta the patient was admitted sai in tsaya cak, in ne ko to ne ko at. Akwai wata cibiya kusa da mu sun ce dubu 60 wata biyu, lesin da yamma ne kuma ni rabin wata ina dutin yamma. In biya ko in yi da kaina? Kuɗin jarabawa na riga na ajiye, lesin kawai nake tambaya.

Abu_Sadiq:
Ki yi OET kawai, jarabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya ce kuma NMC na karɓa. IELTS wahala ce.

Maman_Ilham:
Na gode Yaya amma na riga na yanke shawarar IELTS, kuma ai OET ɗin ma wasiƙar referral ake rubutawa, passive ce fal a ciki.

Sista_Zee:
Ƴar uwa kar ki ba su ko sisi, ni shaida ce. Dubu 85 na biya wata cibiya, a satin farko malamin ya raba mana takarda cike da jimloli wai mu haddace, it is widely believed by many people, it can be clearly seen from the graph, duk sakin layi sai ka cusa ɗaya wai passive ita ke burge mai maki. Ba a taɓa karɓar rubutunmu an gyara da jan biro ba, sai dai ya karanta na mutum ɗaya a gaban aji ya ce very good. Na tambaye shi bambancin made of da made from ya ce duk ɗaya ne. Ana cikin haka ya daina zuwa wai ya samu aiki a Abuja, aka kawo mana wani yaro ɗan bautar ƙasa shi kuma bidiyon YouTube yake kunna mana da datar ɗaya daga cikinmu. Sakamako ya fito writing 6. Na koma neman ko rabin kuɗina ne mai wurin ya ce ai rasit ɗin an rubuta ba a mayarwa, wlh a keke napep na yi ta kuka har gida, kuɗin adashe ne fa.

Hajjo22:
Innalillahi, Allah ya mayar miki da alheri. Amma 85 kam sun cuce ki, ƙanwata 35 ta biya a Kaduna.

DanZazzau:
35 a wace shekara? Yanzu ko lesin ɗin WAEC ba ka samu haka. Ni 120 aka ce min a Abuja.

Malam_Ticha:
Maman Ilham ga abin da ke damun ki. Mu a Hausa ba mu da passive irin tasu, cewa muke an kwantar da shi a asibiti, an yi masa magani, kuma "a" ɗin nan ita kaɗai ke ɗaukar aikin in da at da on, "da" kuma ta ɗauki with. Su kuwa kowane aikatau da kalmar da yake tafiya da ita, ba hankali ake sawa ba, tare ake koyonsu. A aikinki: admitted to the ward, discharged from hospital, diagnosed with malaria, referred to a specialist. Treated for shi ne ciwon, treated with shi ne maganin, treated by shi ne likitan. By ta mai aikin ce, in ba a damu da wanda ya yi ba a bar ta. Har akwai wanda kalmar ke maƙalewa a ƙarshe ba komai bayanta, he was operated on, kuma daidai ne. Wancan da aka ce wa Sista Zee ɗaya ne ba ɗaya ba ne, tebur is made of wood don kana ganin katakon, takarda is made from wood don ya rikiɗe. Ki samu kamus na masu koyo irin Oxford ko Cambridge, a ƙarƙashin kowane aikatau suna nuna kalmar da ke bin sa, ki buɗe littafi kina rubuta su bibbiyu da jimla taki.

Nurse_Leeds:
Malam ba raini ba, ka taɓa zana IELTS? Don ni na ci kuma ban haddace wannan lissafin ba. Grammar kashi ɗaya ce cikin huɗu na makin writing, sauran amsa tambaya ne da tsari da sanin kalmomi. Writing ɗin kashi biyu ne, Task 1 minti 20 kalma 150, Task 2 minti 40 kalma 250, lokaci ke kayar da mutane ba preposition ba.

Malam_Ticha:
Ban zana ba Hajiya, Turanci nake koyarwa a sakandare tun kafin a fara wannan tururuwar. Amma in aka ba ta hoton yadda ake yin bulo ko siminti a Task 1, da me za ta rubuta in ba passive ba? Is mixed with, is placed in, is cut into, tun daga farko har ƙarshe.

Nurse_Leeds:
Ba kullum yake fitowa ba ai, ni graph aka ba ni.

DanZazzau:
Ni dai wanda na riƙe tun JSS shi ne married to da married with. Abokinmu ya rubuta a fom I am married with Aisha, muka ce to kai da Aisha wa kuka aura 😂

Hajjo22:
Kai DanZazzau Allah ya shirye ka 😂 ni kuma kotu ce ta koya min, accused of, charged with, sentenced to, a labaran ƙarfe tara.

Abu_Sadiq:
Gsky laifin makarantunmu ne. Shekara shida abin da aka koya mana kawai Musa killed the goat, the goat was killed by Musa, a juya a sake juyawa, akuyar nan ta mutu ta gaji. Ba wanda ya ce mana akwai known for da known as da known to.

Sista_Zee:
Ga tarar vernacular, ka yi Hausa monita ya rubuta sunanka a sha bulala ranar Juma'a, sai kowa ya yi gum a aji, ba Hausar ba Turancin. Yanzu ɗana a firamare ta kuɗi yake, malamarsu ta rubuto a littafinsa he was absent in school kuma duk zango sai sun ƙara kuɗi.

Hajjo22:
Ke ma? Mu har kuɗin "diction" suke karɓa daban, yaran sun iya lanƙwasa harshe amma ba sa iya rubuta wasiƙa.

Maman_Ilham:
Na gode duka. Malam na fara littafin tun jiya. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ko cibiyoyin nan suna yarda mutum ya rama darasin da ya rasa saboda duti, ko akwai wanda ya san mai gyara rubutu kawai a biya shi duk essay?

DanZazzau:
Diction nawa suke karɓa a wajenku Hajjo? Mu dubu 7 ne duk zango kuma malamin sau ɗaya yake zuwa a sati.