Ajiye sukari a sito: wace rajista ake nema, kuma me jami'ai ke dubawa?

Ɗan Singa:
Assalamu alaikum. Wanda zai kama sito ya riƙa sauke tirelar sukari, buhu 600 mai kilo 50, yana rabawa 'yan kiri, takardar wa zai nema? Wasu sun ce NAFDAC, wasu sun ce hukumar sukari ta Abuja. Kuma buhu nawa mutum zai tara kafin a ce ya ɓoye kaya?

Malam Na-Kwari:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. A fara raba su. Hukumar bunƙasa sukari, NSDC, da aka kafa a 1993, harkarta noman rake ne da matatu da kason ɗanyen sukarin da ake shigowa da shi. Masu hulɗa da ita su ne irin su Dangote, BUA da Golden Sugar. Kai abin da ke gabanka shi ne rajistar kasuwanci ta hukumar CAC, lambar haraji, izinin wurin kasuwanci na jiha ko ƙaramar hukuma, sai duba-gari.

Ita lambar NAFDAC ta kayan ce, mai matata ne ya yanka. Muddin buhu na ɗinke kamar yadda ya fito, ba ka neman taka, amma jami'an NAFDAC suna da ikon shiga duk inda aka ajiye abinci su duba. Ranar da ka farke buhu ka soma ƙullawa a leda da sunanka, ka koma mai sarrafawa. Nan sai ka nemi rajista ta shafinsu na NAPAMS, su zo su ga ɗakin ƙullin, ma'aikata su kawo takardar gwajin lafiya.

Hajiya Mai Awo:
Malam ya bar inda mutane suka fi faɗawa. Sukari iri biyu ke fitowa daga matata. Na kasuwa dole a zuba masa bitamin A, ma'aunin IU 25,000 a kowane kilo, za ka ga tambarin ido a jikin buhun. Ɗayan ba shi da bitamin, na kamfanonin lemo da biskit ne. Yakan fi sauƙi kaɗan, shi ya sa wasu ke karkatar da shi zuwa masu awo da kwano. Idan aka same shi a sitonka kana sayar wa 'yan kiri, ba ruwan jami'i da wanda ya sauke maka.

Sai ajiyar kanta. Kada buhu ya taɓa siminti: katako a ƙasa, kamar santimita 15, a bar rabin mita tsakaninsa da bango yadda mutum zai ratsa da tocila. Sukari na jan laima. Da damina, in danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari, ƙwayoyin sai su jiƙe su manne, hunturu na zuwa ya busar da su, buhu ya zama dutse. Na ƙasan tari ne ke fara daskarewa saboda nauyi, don haka kada a yi ta ɗorawa har kwanon rufi, ga zafin rufi kuma yana cinye bitamin ɗin. Kalanzir, sabulu, taki da maganin feshi, a nema musu wani ɗaki. Tsohon kaya ya fara fita.

Ɗan Singa:
Na gode, Hajiya. Batun ɓoye kayan fa?

Malam Na-Kwari:
Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta lissafa sukari, ta kuma haramta ɓoye shi, sannan hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, na bibiyar masu haɗa baki su tsuke kasuwa a ƙarƙashin dokar 2018. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke ta Kano ta garƙame rumbuna a Dawanau kan wannan zargi. Yawan buhu kaɗai ba shi ne hujja ba, yanayin sito ake karantawa: ƙofa a kulle, kaya jibge, mai saye ya zo a ce babu, musamman dab da azumi da kowa ke neman na kunu da shayi.

Garkuwarka takarda ce. Rasidin matata ko na dila, takardar da direba ya zo da ita mai lambar mota, da littafin shige da fice: kwanan wata, adadin buhu, lambar rukunin da ke jikin buhu, sunan wanda ya ɗauka. A kafa allon suna a ƙofar sito, adireshin ya dace da na takardun. In kana da sito na biyu a wata unguwa, shi ma ya sami nasa izinin da nasa littafin.