Ɗana ya kai shekara 14 bai fara tsawo ba: gado ne ko ciwo?

Maman Khalifa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka mini. Ɗana ya cika shekara 14 a watan jiya, amma shi ne mafi gajarta a ajinsu. Muryarsa ba ta buɗe ba, fuskarsa ta yara ce har yanzu. Ƙanwarsa mai shekara 12 ta kamo shi, har ta ɗan ɗara shi. Tsokanar abokai ta sa ya daina fita ƙwallo, ko hoto za a ɗauka sai ya zame. Tsawon babansa santimita 170 ne, nawa 158. Wata maƙwabciya ta ce in saya masa sha-ka-fashe a kemis, na kuma ga ana tallar maganin ƙarin tsawo a Facebook. Shin gado ne ko ciwo? Me ya kamata in yi?

Likitan Yara, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da ƙanwar, don kada ta ruɗe ku. Mace kan fara balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, namiji kuma tsakanin 9 zuwa 14. Ban da haka, ita mace tun farkon balaga take zabura da tsawo, daga ƙirgar dangi zuwa kafin ta ga al'ada, shi kuwa namiji sai ya yi nisa a ciki tsawon ke zuwa masa. Kusan shekara biyu ne tsakaninsu. Don haka 'yar shekara 12 ta wuce wanta mai 14 ba abin tashin hankali ba ne.

Buɗewar murya da gashin baki duk a baya suke zuwa. Alamar farko a jikin namiji ita ce girman 'ya'yan maraina, abin da iyaye ba sa gani, shi ma yaron ba lallai ya lura ba. A asibiti akwai wani ma'auni mai kama da carbi da ake gwadawa da shi. Idan girman ya kai mililita 4, balaga ta fara ke nan, ko da babu wata alama a fuska. Idan namiji ya cika 14 wannan bai faru ba, shi ne muke cewa an samu jinkiri. Ɗanku yana kan iyakar, saboda haka yanzu ne daidai lokacin da za a duba shi.

Batun gado kuwa, akwai lissafinsa. A haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13, a raba biyu. Naku: 170 da 158 sun ba da 328, da 13 ya zama 341, rabinsa 170.5. Tsawon da ake sa ran ya tsaya a kai ke nan, da ragi ko ƙarin kamar santimita 8, wato tsakanin 162 zuwa 179. Na mace, 13 ɗin cirewa ake yi: ƙanwarsa tana wajen 157.5.

Ga aikin da za ku fara a gida. Yaro ya cire takalmi da hula, ya jingina da bango a kan daɓe mai tauri wanda ba tudu ba kwari, dunduniya da ƙeya suna taɓa bangon, idonsa na kallon gaba. A ɗora littafi mai kauri a kansa, a ja layi da fensir, a rubuta kwanan wata. A maimaita bayan wata shida, da safe kamar na farko, domin mutum kan ɗan ragu zuwa yamma. Yaron da bai balaga ba yana ƙara kamar santimita 5 a shekara. Idan abin ya gaza 4, akwai abin bincike. Idan zaburar ta zo, namiji kan ƙara 9 zuwa 10 a shekara guda, a nan ne za ku ga wandon makaranta ya ɗage sama da idon sawu kafin zango ya ƙare.

Amma kada ku jira wata shidan kafin ku je asibiti. Ku nemi sashen yara a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Za a auna jini a ga ko ya yi ƙasa, a duba jinotayif, a duba ƙoda da sinadarin maƙogwaro, a kuma ɗauki hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu. Hoton nan shi ne mai faɗin gaskiya. A bakin dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsi, daga nan tsawo ke fitowa, kuma a ƙarshen balaga yake rufewa ya zama ƙashi. Idan yaro mai shekara 14 ƙashinsa ya nuna na ɗan 12, albishir ne: yana da sauran lokaci fiye da sa'o'insa, zai ci gaba da tsawo bayan su sun tsaya.

Abubuwan da ba a yi musu jinkiri ko na mako guda: ciwon kai mai naci tare da amai ko raunin gani, rama ba dalili, gudawa da ta ƙi ƙarewa, fitsarin jini irin na tsargiya, ko yaron da tun tasowarsa ba ya jin ƙamshi ko wari. Wannan na ƙarshen yakan zo tare da wata matsala ta sinadaran da ke tayar da balaga daga ƙwaƙwalwa.

Mai Harhaɗa Magani, Kawo:

Hajiya, don girman Allah kada ku ba shi sha-ka-fashe. Abin da ake sayarwa da wannan suna yawanci deksametason ne, ko saiproheptadin, ko a haɗa su biyun. Saiproheptadin maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki yana kuma sa barci, sai yaro ya dinga gyangyaɗi a aji. Deksametason shi ne mugun. Ƙibarsa ruwa ce da kitse: fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, doron wuya ya tara kitse, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Nankarwa mai faɗi ta fito a cinya da ciki, suga da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Abin da ya fi shafar tambayarku: yana danne wancan guringuntsin da Dakta ya ambata. Wato maganin da aka ce zai gina yaro shi ne mai tauye masa tsawo.

Idan akwai wanda ya riga ya sha shi na makonni, kada ya yanke rana ɗaya. Jiki yana da nasa irin wannan sinadarin da yake samarwa a saman ƙoda, kuma yakan daina idan ana ba shi daga waje. Yankewa farat ɗaya na iya jawo amai, jiri, faɗuwar bugun jini, har a rasa rai. Likita ne zai rage shi a hankali.

Na Facebook ɗin kuwa, babu ƙwaya ko garin da ke ƙara tsawo fiye da abin da jiki ya gada. Allurar sinadarin girma ta gaskiya akwai ta, amma ta yaran da gwaji ya tabbatar suna da buƙatarta ce. Kuɗin nan ku sa a ƙwai, wake, awara, gyaɗa, kifi, nono da zogale. A ba shi maganin tsutsar ciki idan an daɗe ba a ba shi ba. Ya samu barcin awa 8 zuwa 10, domin a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma, wayar da ke hannunsa har ƙarfe ɗaya na dare tana cin wannan.

Malamar Bayoloji, Barnawa:

Ƙari kaɗan a kan gado, 'yar'uwa. Tsawo ba ƙwayar halitta ɗaya ke riƙe da shi ba, dubbai ne, kowace da ɗan nata ƙarin ko ragin. Shi ya sa 'yan ciki ɗaya ke bambanta, wani ya ɗauko kaka, wani kawu. Kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane daga gado ne, sauran abinci ne da lafiya. Lokacin balagar ma ana gadonsa. Ku tambayi babansa yaushe ya yi tsawo, ke ma ki tuna shekarar da kika fara al'ada. Sikila kuma tana jinkirta balaga da tsawo a masu SS, amma mai AS ba ta hana shi girma.

Shi yaron fa, kada a yi ta shawara a kansa a bayan idonsa. A wannan shekarun maganar aboki ta fi ta uwa nauyi a kunnensa, kuma "ai ba komai" ba ta warkar da komai. Ku zaunar da shi, ya yi lissafin nan da hannunsa ya ga 170.5 a takarda, shi ya riƙa jan layin bango. A hana 'yan gida gwada shi da ƙanwarsa, ko da wasa ne. A asibiti kuma babansa ko kawunsa ya raka shi, don gwajin akwai kunya a ciki. Ku kuma gaya masa tun yanzu cewa idan balagar ta kankama zai iya jin wani ɗan ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin kan nono. Kusan rabin samari na yin sa, yana bajewa da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu, ba a matsa shi, ba a ɗaure shi.

Maman Khalifa, Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri. Na tambayi babansa, ya ce shi ma sai a aji biyar na sakandare ya miƙe. To Dakta, mu bar zuwa asibitin ke nan?

Likitan Yara, Unguwar Rimi:

A'a Hajiya, ku je. Maganar babansa ta ƙarfafa zaton cewa jinkirin gado ne, wanda shi ne ya fi yawa a maza, amma ba a yanke wannan hukunci sai an kawar da sauran dalilai. Ku tafi da katin rigakafinsa na yarinta idan yana nan, da duk wani awo na baya da aka taɓa rubutawa. Idan gwaji ya nuna balaga ta fara, jira kawai za a yi, ku koma bayan wata shida. Idan ba ta fara ba, kuma damuwar ta hana shi sakewa da karatu, likitan sinadaran jiki na iya ba shi ƙaramin awo na allurar testosteron, wato sinadarin balagar maza, sau ɗaya a wata, na wata uku zuwa shida, don ta tayar da jikin. Awon ƙarami ne da gangan, domin idan ya yi yawa guringuntsin rufewa yake da wuri, tsawon da ake nema ya tsaya a inda yake. Saboda haka ba allurar kemis ba ce.